Daga Kano zuwa Gwanja a Ƙafa: Ayarin Fatake da Amanar da Ta Riƙe Shi

A farkon shekarar 1826, Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya sauka a Kaiama ta ƙasar Bargu, wadda a yau take cikin Jihar Kwara. A can ya tarar da ayarin fatake Hausawa ya yada zango a kan hanyarsa ta komawa gida daga Gwanja. Ya rubuta cewa mutanen ayarin, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin da ke ɗauke da kaya kuma yawansu ya kai na mutanen. Babbar hajar da suka ɗauko ita ce goro. Sun riga sun shafe makonni suna tafiya, kuma da sauran makonni a gabansu kafin su hango ganuwar Kano.

Tsakanin Kano da Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, akwai tazarar fiye da kilomita 1,000 idan an auna a miƙe, hanyar fatake kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. A taswirar yau, mai wannan tafiya zai taka ƙasashe huɗu: Najeriya, Benin, Togo da Ghana. Zuwa kaɗai kan ci wata biyu zuwa uku, zuwa da dawowa kuma daga wata shida har shekara guda. Mafi yawan matafiyan a ƙafa suke yin ta, domin jakai na kaya ne, dawakai kuma na manyan ayari.

Juriyar ƙafa ita ce ɓangare mafi sauƙin fahimta a wannan labari. Abin da ya fi buƙatar bayani shi ne yadda mutum dubu, waɗanda ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, kowa da dukiyarsa da burinsa, za su ratsa ƙasashen da ba sa ƙarƙashin sarkinsu, inda babu alƙalin garinsu balle dogarinsa, su je su dawo ba tare da sun watse ko sun cinye juna ba. Amsar tana cikin tsarin ayarin kansa.

Abin da ya kai su Gwanja

Goron da Bahaushe ya fi so ba ya yi a ƙasar Hausa. Itacen yana son inuwa da ruwan sama mai yawa, kuma a wancan zamani dazuzzukan ƙasar Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa, su ne babbar mahaifarsa mafi kusa. Hulɗar ta daɗe. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, ya kuma kawo labarin cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro dubu goma. Kyautar da ake kai wa sarauniya har a rubuta ta a tarihi ba ƙaramin abu ba ce, wato a lokacin goro abincin manya ne.

Cinikin ya bunƙasa sosai a ƙarni na 19, saboda abubuwa biyu da suka faru kusan a lokaci guda. A kudu, Birtaniya ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, abin da ya sa masarautar Asante, wadda ta riga ta mamaye Gwanja tun tsakiyar ƙarni na 18, ta ƙara mai da hankali ga kasuwar arewa. Sarakunanta sun tsayar da fatake a Salaga, ba su bari su kutsa cikin dajin da goron yake ba, domin ribar tsakiya ta zauna a hannunsu. A arewa kuma, jihadin da aka fara a 1804 ya haifar da Daular Sakkwato, wadda ta haɗa garuruwa masu yawa cikin kasuwa ɗaya. Al'ummar da addininta ya hana giya ta sami abin taunawa da ke kore barci da gajiya, wanda malamai ba su yi jayayya a kan halaccinsa ba. Goro ya shiga ɗaurin aure da raɗin suna da gaisuwar manya, har ya shiga harshe: goron gayyata, goron albishir, goron sallah.

Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, kuma kowane kaya, idan ya iso lafiya, ana sayar da shi kimanin wuri 200,000. Jimillar ta kama daga wuri miliyan 80 zuwa 100. Sharaɗin da ya gindaya, wato idan kayan ya iso lafiya, shi ne dukan wahalar sana'ar. Goro ba gishiri ba ne da za a ɗaure a manta. Idan ya bushe ya lalace, idan ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe, idan sankara ta kama ƙwaya ɗaya sai ta bi sauran. Dole ne a naɗe shi cikin ɗanyen ganye, a riƙa kwance shi bayan 'yan kwanaki ana tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Falke na tafe ne da dukiyar da ke raguwa kowace rana, saboda haka duk wani jinkiri a hanya asara ce ga kowa da kowa.

Gari mai tafiya

Babu falken da zai iya wannan tafiya shi kaɗai. Ƙasar Bargu ta yi suna wajen 'yan fashi, kuma kowane sarki da ke kan hanya yana da haƙƙin da yake karɓa. Mutum ɗaya da jakai biyar ganima ce. Mutum dubu masu baka da mashi kuwa sai an yi shawara kafin a taɓa su, kuma sarkin da ya matsa musu ya san baɗi za su sauya hanya, kasuwarsa ta mutu. Yawa shi ne garkuwar farko, amma yawan da ba shi da shugabanci kansa fitina ne. Don haka aka tsara ayari kamar yadda ake tsara gari.

A samansa akwai madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya. Ba sarki ke naɗa shi ba. Sunan da ya yi ne ke tara masa jama'a: sau nawa ya je ya dawo, da waɗanne sarakuna yake gaisawa, ayari nawa ya kai gida ba tare da asara ba. Idan ya sanar da cewa zai tashi, fatake daga garuruwa daban-daban sukan hallara a inda aka yi alkawari, kowa da yaransa da dabbobinsa. Kowane falke shi ke da kayansa, ribarsa tasa ce, faɗuwarsa ma tasa ce. Abin da ya miƙa wa madugu shi ne ikon yanke hukunci a kan hanya: yaushe za a tashi, ina za a bi, ina za a kwana, nawa za a biya. A lokacin tafiya madugu kan kasance a baya, inda masu rauni da dabbobin da suka gaji suke, inda kuma maharan suka fi son afkawa.

A gaba akwai jagaba, masanin hanya, wanda ke duba mashigin rafi da wurin sauka, ya kuma fara jin labarin abin da ke gaba. Akwai uban dawaki, wanda ke tattara kuɗin fito da na gaisuwar sarakuna daga hannun fatake, kowa gwargwadon yawan kayansa. Wannan aiki ya fi yadda ake zato nauyi, domin a nan ne rigima ta fi saurin tashi. Idan aka yarda cewa rabon biyan ya yi daidai, ayari ya zauna lafiya. Sannan akwai malamin ayari, mai jan salla, mai rubuta wasiƙa da lissafi, wanda ake tuntuɓa kafin a sa ranar tashi. Idan wani ya rasu a hanya, wanda ba abin mamaki ba ne a tafiyar watanni, abokan tafiyarsa ne za su yi masa sutura, kayansa kuma su zama amana har a sada su da magadansa.

Mata suna cikin ayarin da yawa. Wasu matan fatake ne, wasu 'yan kasuwa ne masu cin gashin kansu, wasu kuma 'yan dako ne da ke ɗauke da kaya a ka. Su ne ke dafa abinci a zango, suna sayar wa waɗanda ba su taho da iyali ba. Ƙananan 'yan kasuwa, almajirai, makaɗa da masu neman wucewa wani gari duk sukan raɓu da ayari domin su sami kariyarsa.

Hanya da zango

Manyan hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta bi ta Zariya da Birnin Gwari, ta haye Kogin Kwara a wajajen Yawuri ko Busa, ta shiga Bargu ta Nikki da Jugu, sannan ta gangara Salaga. Ɗayar ta bi ta ƙasar Sakkwato da Jega, ta haye kogin a wajajen Ilo ko Gaya, ta ratsa ƙasar Gurma zuwa Sansanne Mango da Yandi. Wadda za a bi ta danganta da inda ake yaƙi a shekarar da kuma sarkin da ya tsananta haraji. Akan tashi bayan kaka, lokacin da ruwa ya janye daga rafuka kuma hatsi ya yi araha.

Tafiyar yini ba ta da tsawo. Akan ɗaura kaya da asuba, a yi tafiyar sa'o'i kaɗan, a sauka kafin rana ta yi zafi, domin jakai su yi kiwo, mutane su nemi ruwa da itace. Gudun ayari shi ne gudun jakin da ya fi kowane nauyin kaya. Haye Kwara kaɗai kan ci kwanaki, saboda a kwalekwale ake ƙetarar da kaya da mutane kaɗan-kaɗan, bayan an gama ciniki da masu fito. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta zama ƙa'idar aiki.

Ba a ajiye ciniki sai an isa Salaga ba. Daga gida akan ɗauko kanwa, da baƙaƙen tufafin rini irin na Kura, da kayan fata, da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da duwatsun ado, da dabbobi. Ana sayarwa ana saye a kowace kasuwa da aka ratsa, ta yadda kayan da falke zai shiga Salaga da su sun sha bamban da waɗanda ya baro Kano da su.

Wurin da ayari ke sauka shi ne zango. Da farko fili ne a bayan gari, kusa da ruwa, inda ake kafa bukkoki. Da tafiya ta yi tafiya, wasu fatake suka zauna a waɗannan wurare, suka yi aure, suka koyi harshen masu gari, suka zama fatomomi masu saukar baƙi. Fatoma yana ba falke masauki da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, shi kuma ya sami la'adarsa. Jarinsa shi ne sunansa. Idan ya cuci baƙo ɗaya, labarin zai riga shi isa Kano, kuma ayarin baɗi zai sauka a gidan maƙwabcinsa. Ta haka falke zai iya barin kaya a hannun mutumin da ba danginsa ba, a garin da ba nasa ba, ya dawo bayan watanni ya tarar da lissafinsa daidai. Addini ɗaya, harshe ɗaya na ciniki da kuma tsoron zubewar mutunci su ne suka yi aikin da takardar yarjejeniya da kotu ke yi a yau.

Su wane ne fataken

Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya tattauna da tsofaffin fatake da zuriyarsu kafin ya wallafa littafinsa kan wannan ciniki a 1980, ya nuna cewa rukuni uku ne suka mamaye fataucin goro: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Abin lura shi ne dukansu asalinsu baƙi ne a ƙasar Hausa. Agalawa da Tokarawa sun gangaro ne daga arewa, daga cikin al'ummomin da ke ƙarƙashin Buzaye, suka zauna a karkarar Katsina da Kano. Kambarin Barebari kuwa daga Barno suka fito, suka yi cibiya a Gumi. Ba su da sarauta, ba su da gadon manyan gonaki, sai suka riƙi hanya. Suna aure a tsakaninsu, suna ba juna jari, yaro kuma yakan fara bin ayari yana korar jakan ubansa ko na maigidansa, har ya tara abin sayen jakinsa na kansa. A kan hanyar suka zama Hausawa, kuma su ne suka kai sunan Hausa inda mutanen birni ba su taɓa takawa ba.

Akwai ɓangaren labarin da bai kamata a tsallake ba. Ba duk wanda ke cikin ayari ne ya fito da son ransa ba. Da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya da masu kula da dabbobi bayi ne, kuma Salaga, ban da goro, tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Amanar da ta ɗaure fatake da juna ba ta haɗa da waɗanda aka ɗaure da igiya ba. Wasu bayin sun sami damar yin ciniki na kansu har suka fanshi kansu, amma hakan bai shafe yadda aka gina wani sashe na wannan arziki a kan wuyan mutanen da ba su da zaɓi ba.

Yadda tafiyar ta ƙare

Rushewar ta fara ne daga kudu. A 1874 sojojin Birtaniya suka shiga Kumasi suka ƙone ta, Gwanja ta yi amfani da damar ta ɓalle daga ikon Asante. Asante ta mayar da martani da hana goro zuwa Salaga, kasuwar ta fara komawa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya tarwatsa Salaga, mazauna zangonta suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kumasi da bakin teku. Cikin waɗanda suka bar garin har da Imam Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, ya kuma bar rubuce-rubuce masu yawa da Hausa da Larabci kan rayuwar mutanen zamaninsa.

Daga nan sai Turawa suka raba hanyar a tsakaninsu: wani yanki na Ingila, wani na Faransa, wani na Jamus, kowanne da iyakarsa da harajinsa. Amma abin da ya kashe tafiyar ƙafa shi ne jirgi. Jirgin ruwa na ɗaukar goro daga gaɓar Gold Coast zuwa Legas cikin kwanaki, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911. Hajar da ke lalacewa kowace rana ba za ta jira jaki wata uku ba alhali ga hanyar da za ta kai ta cikin mako biyu. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin wannan goro a wajajen Agege da Shagamu, har ya zama ba sai an je Gwanja ba.

Rayuwar Alhassan Ɗantata ta ratsa zamanin biyu. An haife shi a Bebeji a 1877 a gidan fatake Agalawa, ya taka hanyar Gwanja a ƙuruciyarsa, sannan ya kasance cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas. Lokacin da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano bayan isowar jirgin ƙasa, kamfanonin Turawa sun rasa yadda za su kai ga manoman karkara, shi kuwa yana da abin da ayari ya koya masa: yaran gida amintattu da ake ba kuɗi su tafi ƙauye su dawo da kaya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Abin da ya saura

Ayarin ya tsaya, zangon ya ci gaba. A Ghana kalmar ta zama sunan unguwannin Musulmi a kusan kowane babban gari, kuma Hausa ce harshen da mazaunansu, waɗanda suka fito daga ƙabilu masu yawa, suka fi haɗuwa a kai. Zaman bai kasance mai sauƙi koyaushe ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasar, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su san wani gida ba. Duk da haka unguwannin sun tsaya, har a 2017 aka kafa ma'aikata ta musamman mai ɗauke da sunan zango. A Ibadan ma, binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ya tarar da tsarin maigida da baƙonsa yana nan daram a cinikin goro da shanu, ana ba da bashin kuɗi masu yawa ba tare da takarda ba.

Ita kanta hanyar ta sake tuna wa mutane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ayari. Birnin Gwari na kan tsohuwar hanyar Gwanja, kuma a shekarun baya-bayan nan, da 'yan bindiga suka addabi yankin, direbobi sun koma taruwa a wuri ɗaya suna jiran juna, domin su ratsa dajin a jere tare da rakiyar jami'an tsaro. Hikimar ita ce ta da: mai tafiya shi kaɗai shi ake tarewa. Bambancin shi ne jerin motocin yau yakan watse da zarar an fita daga daji, fasinja bai san sunan wanda ke kusa da shi ba. Fataken da Clapperton ya gani a Kaiama kuwa sun san wanda zai yi magana da yawunsu a gaban sarki, da wanda zai raba musu kuɗin fito, da wanda zai kai kayansu gida idan ajali ya riske su a hanya, kuma sun daidaita a kan duk wannan tun kafin su ɗaura wa jaki kaya a ƙofar gari.